Yadda Ake Yi wa Tsohon Jirgin Fasinja Ritaya, Daga Takardu Zuwa Yanka

A filayen jiragen sama da dama na Afirka akan ga wani jirgi a can gefe, tayoyinsa sun sace, fentinsa ya koɗe, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin fukafukansa. Galibin irin waɗannan jirage gado ne na kamfanonin da suka durƙushe, kuma yankinmu ya ga durƙushewar manya biyu: Air Afrique, wanda Cadi ke cikin ƙasashen da suka mallake shi, a 2002, sai Cameroon Airlines a 2008. Duk ranar da aka ce za a yi gwanjon irin wannan jirgi, masu harkar tsofaffin ƙarafa na Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena ne kan fara lissafin tan nawa na alminiyam zai bayar. Wannan lissafi shi ya kamata ya zo a ƙarshe, domin kuɗin tsohon jirgi yana cikin injinansa da kayan da za a iya ɗaura wa wani jirgin, su kuma waɗannan ba su da daraja sai da takardunsu. Wanda ya fara da zarto ya zubar da ribar tun kafin ya san akwai ta.

Yanke shawarar ajiye jirgin

Ba da shekaru kaɗai ake auna tsufan jirgi ba. Ana duba sa'o'in da ya yi a sama, ana kuma duba abin da ya fi wannan nauyi, wato sau nawa ya tashi ya sauka. Duk tashi ɗaya sai an cika gangar jikinsa da iska domin fasinjoji su iya numfashi, sai jikin ya ɗan buɗe, idan ya sauka kuma ya koma yadda yake. Wayar ƙarfe da aka yi ta lanƙwasawa ana miƙewa, wata rana karyewa take yi, kuma haka ƙananan tsagu ke fitowa a bakin ƙusoshin da suka haɗa fallayen jikin jirgi. A watan Afrilun 1988 rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin samaniyar Hawai, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Jirgin yana da shekara 19 ne kawai, amma ya yi tashi da sauka kusan 90,000 saboda gajerun zirga-zirga tsakanin tsibirai. Saboda haka jirgin da ke kai-komo tsakanin Duwala da Garwa ya fi saurin gajiya a kan wanda ke doguwar tafiya zuwa Faris, ko da sa'o'insu ɗaya.

A zahiri kuwa, kuɗi ne ke yanke hukunci tun kafin ƙarfe ya gaji. Duk bayan shekara 6 zuwa 10 akan yi wa jirgi babban bincike, wanda ake kira binciken D, inda ake kwance kusan komai nasa, a yi makonni ana aiki, a kashe miliyoyin daloli. Idan lokacin ya gabato, mai jirgi zai ɗora kuɗin binciken da na gyaran injina da ƙafafun sauka a kan sikeli ɗaya, ya ɗora abin da jirgin zai samo a sauran rayuwarsa a ɗayan, yana kuma tuna cewa sababbin jirage sun fi ƙarancin shan mai. Haɗari ma yana kawo ritaya ba shiri: Boeing 747 na Cameroon Airlines mai suna Mont Cameroun ya kauce daga titin sauka a filin Charles de Gaulle na Faris a watan Nuwamban 2000, ba a rasa rai ba, amma bai sake tashi ba. Doka kuma takan sa nata hannun, kamar yadda Najeriya ta dakatar da jiragen BAC 1-11 bayan wanda ya faɗi a unguwar Gwammaja ta Kano a watan Mayun 2002.

Kafin a ce yanka, sai an tambayi kasuwa ko akwai mai son jirgin a raye. Wasu samfurori, irin su Boeing 767 da 737-800, ana mayar da su jiragen dakon kaya su ƙara shekaru suna aiki. Idan wannan ƙofa a rufe take, sai a wuce mataki na gaba.

Tabbatar da mai jirgin da basussukansa

Sunan kamfanin da ke rubuce a jikin jirgi ba shi ne hujjar mallaka ba. Jirage da yawa na haya ne, wasu an jinginar da su a banki, kuma sau da yawa injinan da ke rataye a fukafukan mallakar wani kamfani ne daban da mai gangar jikin. Mai saye ya nemi lambar ƙira ta jirgin da ta kowane inji, ya kai su hukumar da ta yi rajistarsa: CCAA ga jirgin da lambarsa ta fara da TJ, wato na Kamaru, ko ADAC ga mai TT, wato na Cadi. Ya kuma sa lauya ya bincika rajistar duniya da ke Dublin, wadda aka kafa a ƙarƙashin yarjejeniyar Cape Town ta 2001, inda masu ba da bashi da masu ba da haya ke rubuta haƙƙinsu a kan jirage da injina.

Bayan wannan sai basussukan gida. Jirgin da ya yi shekaru a ajiye yana tara kuɗin filin da ya tsaya, akwai kuma yiwuwar bashin ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar sama, da na mai, da haƙƙin ma'aikata idan kamfanin yana hannun mai raba kadarori. Sai duwan, wato kwastan: jirgin da ya shigo ƙasa da izinin wucin gadi, ranar da aka sayar da sassansa a cikin gida ya zama kayan da ake biya wa haraji. Duk waɗannan a rubuta su cikin yarjejeniyar ciniki, a fayyace wanda zai biya, kafin a ba da ko sefa ɗaya ta kafin alƙalami.

Takardun tarihin jirgin

A nan ya kamata a fi daɗewa. Kowane muhimmin sashe na jirgi yana da lambarsa da tarihinsa, kuma akwai rukunin kayan da aka ƙayyade musu iyakar tashi da sauka, irin su faya-fayan da ke juyawa a cikin inji da manyan sandunan ƙafafun sauka, waɗanda dole a zubar da su idan sun cika adadinsu ko da ido bai ga aibu a jikinsu ba. Mai sayen irin wannan kaya zai nemi tarihinsa tun daga ranar da ya fito daga masana'anta: jirgin da aka fara ɗaura masa, ranar da aka cire shi, wanda ya gyara shi, adadin da ya ci da wanda ya rage. Idan shafi ɗaya ya ɓata a tsakiya, ba wanda zai iya rantsewa a kan adadin, sai kayan da ya kai dubban daloli ya koma farashin kilo.

Saboda haka kafin a taɓa jirgin a tattara littattafan aikinsa da na injina da katunan gyara, a ɗauki hoton kowane shafi a adana a kwamfuta, a kuma ajiye na asali a ɗaki mai makulli inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. A nemi kamfanin da ya yi aiki da jirgin na ƙarshe ya ba da takardar shaidar cewa jirgin bai yi haɗari ba, bai kama wuta ba, bai nutse a ruwa ba, domin masu saye ba sa karɓar kaya sai da ita. Idan kamfanin ya riga ya rushe, samun mai ikon sa hannu yana da wuya, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa jirgin da aka yasar shekara goma ba ya kai darajar wanda aka ajiye jiya. A ganina, ɗan kasuwar da aka nuna wa jirgi ba tare da akwatunan takardunsa ba, ya yi tayin farashin ƙarfe kawai, kada ya ƙara komai a kai.

Zaɓen wurin aiki

Idan jirgin yana iya tashi, akan nemi izini na musamman na tafiya ɗaya ba fasinja, a kai shi inda aka tanadi kayan aiki. Sanannun wuraren su ne Tarbes a Faransa da Teruel a Sifen, inda kamfanin Tarmac Aerosave ke aiki, sai Marana da Mojave da Victorville a hamadar Amurka, inda bushewar iska ke hana tsatsa. Wani zai ce ai mu ma muna da zafi da bushewa. Haka ne a watannin rani, amma ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa, damina kuma tana zuwa da laima da guguwa, don haka jirgin da zai jira a Garwa ko Njamena sai an toshe bakin injinansa da duk ƙananan bututun da ke auna gudun iska. Zanzaro ma abin tsoro ne: binciken haɗarin Boeing 757 na Birgenair a 1996, wanda ya ci rayuka 189, ya fi karkata ga cewa ƙwaro ne ya yi gini a cikin bututun auna gudu sa'ad da jirgin ke ajiye.

Jirgin da ba ya tashi kuwa a inda yake za a yi aikinsa, da izinin hukumar filin da ta muhalli. Ana bukatar daɓen kankare wanda mai ba zai ratsa shi ya shiga ƙasa ba, da magudanar da ke tara abin da ya zuba, da shinge da masu gadi, da motar kashe gobara a kusa. A kuma tsara yadda gutsattsarin ƙarfe ba zai bi iska ya kai titin jirage ba, domin ƙusa ɗaya tana iya lalata injin jirgin da ke tashi.

Gwajin ƙarshe da kashe haɗurra

Muddin injinan suna tashi, a tayar da su a gwada ƙarfinsu a rubuta sakamakon, a kuma zura ƙaramar kyamara a duba cikinsu, saboda wannan rahoto shi ke tsayar da farashinsu. A kunna na'urorin ɗakin matuƙi ɗaya bayan ɗaya a rubuta masu aiki. Bayan an cire batir ba za a sake samun wannan dama ba.

Daga nan sai zuƙe mai. Tankunan Boeing 737-800 suna ɗaukar lita 26,000, kuma ko bayan an zuƙe akwai ragowar da ke kwance a lungunan fukafukai, wadda sai an tsiyaye ta, a buɗe tankunan a hura musu iska, a auna da na'ura har a tabbata babu tururi. Man jirgi, wato Jet A-1, yana iya fara fitar da tururi mai kama wuta daga zafin digiri 38, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Garwa da Njamena yana wuce 40 a inuwa, ballantana a cikin fiffiken da rana ta gasa. Wannan kaɗai ya isa a mayar da aikin tanki zuwa sassafe. Man dangin kananzir ne, kuma za a sami masu roƙo a sayar musu, amma wanda ya daɗe a tanki ya gauraya da ruwa da datti, hanyarsa ita ce kamfanin da ke da lasisin karɓar gurɓataccen mai.

Sauran haɗurran a ɓoye suke. Bututun haidirolik, masu ɗauke da ruwan da ke motsa sassan jirgi, suna aiki da matsin kusan bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), kuma akwai tulunan da ke riƙe matsin ko bayan an kashe jirgi. Ruwan da ke ciki yana ƙona ido yana cin fenti. Tayoyin suna ɗauke da matsin da ya ninka na ƙaramar mota kusan sau shida, sai an sace su kafin a kwance ƙusa. Tsanin roba na gaggawa da ke naɗe a jikin ƙofa yana kumbura cikin daƙiƙoƙi, yana iya hallaka wanda ke tsaye a gabansa. Tulunan kashe gobarar inji suna da ƙananan harsasai masu fashewa. A saman kujerun jirage da yawa kuma akwai gwangwanayen da ke samar da iskar numfashi ta hanyar sinadari, masu yin zafi ƙwarai idan suka tashi. Irinsu ne, waɗanda wa'adinsu ya ƙare aka loda a ɗakin kaya ba tare da murfin kariya ba, suka haddasa gobarar da ta kayar da jirgin ValuJet a Florida a watan Mayun 1996, mutum 110 suka mutu. Duk wannan aikin injiniyan jirgi ne mai lasisi, yana bin littafin masana'anta shafi bayan shafi.

Kwance kayan da za a sayar

Injina ake fara saukewa, su ne kaso mafi tsoka na kuɗin. Wanda ke da sauran rai akan ba da shi haya ya ƙarasa adadinsa a wani jirgin, wanda ya ƙare kuma a kai shi masana'antar gyara a rarraba shi. Sai a kula da cewa sauke injina yana sauya ma'aunin jirgi, yana iya ɗaga hanci ya zauna a kan wutsiya, don haka akan sa nauyi a gaba ko a tokare bayan, a kuma ɗaure shi da ƙasa saboda guguwar farkon damina. Bayan injina sai ƙaramin injin wutsiya mai ba da lantarki, da kwamfutocin tuƙi, da na'urorin sadarwa, da famfuna, da birki, da sassan fukafukai masu motsi, da ƙofofi. Ƙafafun sauka su ne na ƙarshe, bayan an ja jirgin zuwa inda za a yanka shi an ɗora shi a kan gammon katako ko na ƙarfe.

Kowane kaya da aka cire a rataya masa kati mai lambarsa, da lambar jirgin, da ranar cirewa, da sa hannun wanda ya cire, a toshe bakin bututunsa, a sa na lantarki a jakar da ke kare su. Wannan kati bai ba da izinin ɗaura kayan a wani jirgi ba. Sai ya bi ta wurin gyara mai lasisi, an gwada shi an ba shi takardar shaidar inganci, wato EASA Form 1 ta Turai ko 8130-3 ta Amurka. Abin da ya cika adadinsa ko ya kasa gwaji kuwa a lalata shi yadda ba zai gyaru ba, a yanka shi biyu ko a huda shi, a ɗauki hoto. Dalilin wannan tsanani sananne ne: a 1989 jirgin Partnair ya faɗi a tekun Denmark da mutum 55 saboda jabun ƙusoshi a wutsiyarsa, kuma a 2023 an gano kayan injin CFM56 masu takardun bogi sun shiga jirage a ƙasashe da dama. Kayan da aka jefar da shi lafiyayye a bola yana iya dawowa kasuwa da sabon fenti.

Guba, sannan zarto

Bayan an gama kwance kayan sayarwa, abin da ya rage shara ne a idon doka, kuma a cikinsa akwai masu cutarwa. Iskar halon ta kashe gobara an daina ƙera ta a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarta ga sararin samaniya, amma jirage suna amfani da wadda aka tace, saboda haka a mayar da tulunan a rufe, akwai masu saye. Batiran suna da kadmiyam, wasu alamun ƙofar fita da na'urorin gano hayaƙi suna da ɗan sinadari mai tururin nukiliya, tsofaffin Boeing 747 da DC-10 kuma an sa musu ma'aunan nauyi na ragowar yuraniyam a wutsiya da fukafukai, waɗanda ba a yanka su ba a ƙona su. Fitar da irin wannan shara zuwa wata ƙasa yana ƙarƙashin yarjejeniyar Basel ta 1989, sai da izinin ƙasar da za ta karɓa.

Sai a kwashe kujeru da darduma da allunan bango da audugar gilashi da ke bayansu, a zare wayoyi. Boeing 747-400 yana ɗauke da wayoyi masu tsawon kilomita 270 da ɗoriya, kuma jan ƙarfen da ke ciki kuɗi ne, amma a fere robar da inji, kada a ƙona ta kamar yadda aka saba a bola. Idan akwai makaranta ko rundunar kashe gobara da ke son wani yanki na gangar jikin don horo, yanzu ne za a yanke mata.

Yankan kansa ba ya ɗaukar lokaci. Katafila mai almakashin ƙarfe tana gama matsakaicin jirgi cikin 'yan kwanaki, daga fukafukai da wutsiya zuwa gangar jiki. Inda babu ita akan yi da zarton inji da giranda, a ɗauki makonni, kuma ma'aikata su sa abin rufe hanci na gaske saboda koren fentin da ke ƙarƙashi yana da sinadarin kuromet mai jawo ciwon daji. Wutar walda ba ta kusantar fiffike.

Rarrabewa ita ke ƙara farashi. Alminiyam ɗin jirgi iri-iri ne, akwai samfurin 2024 mai haɗin jan ƙarfe da 7075 mai haɗin tutiya, ga titaniyam da baƙin ƙarfe mai ƙarfi, kuma wanda ya tara su wuri ɗaya farashin mafi araha za a ba shi. Gwajin da Airbus ya yi a Tarbes a kan wani A300 tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ana iya sake amfani da kashi 85 cikin 100 na nauyin jirgi idan an rarrabe da kyau. Matsakaicin jirgi irin 737-800 nauyinsa babu mai babu kaya kusan tan 41 ne, kuma bayan an cire injina da ƙafafu da kayan ciki abin da zai hau sikeli ya ragu sosai. Daga cikin kuɗinsa za a fitar da na mota zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya, da na jirgin ƙasa zuwa tashar ruwan Duwala. Wanda ya yi aikin a Njamena kuma yana da ƙarin gadar Ngeli, wadda ta haɗa Njamena da Kuseri, da duwan ƙasa biyu.

Wannan tsadar sufuri ita ke sa a yi sha'awar sayar wa maƙeran da ke zuba tukwane a kasuwannin gida. Bai kamata ba. Ƙarfen yana ɗauke da fentin kuromet, ƙusoshinsa da yawa an shafe su da kadmiyam, kuma narkarwar maƙera ba ta raba waɗannan da alminiyam, alhali tukunyar miyar yakuwa ko kunun tsamiya za ta dafa, masu tsamin da ke jawo ƙarfe cikin abinci. A rubuta a yarjejeniyar sayarwa cewa ƙarfen masana'antar narkarwa zai tafi, a kuma karɓi rasit daga can.

Rufe fayil

A jikin kowane jirgi, galibi kusa da ƙofa, akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunan masana'anta da lambar ƙira. A cire shi a gaban shaida, a miƙa shi ga hukuma ko a lalata shi bisa umarninta, domin kada a manna shi a jikin wani jirgin. A rubuta wa CCAA ko ADAC takardar neman soke rajista, a mayar da takardar rajistar da ta cancantar tashi, a sanar da masana'anta da kamfanin inshora cewa jirgi mai wannan lamba ya daina wanzuwa. A ƙarshe a share filin da maganaɗisu da tsintsiya, a duba ƙasar ko mai ya ratsa ta, a sa hukumar filin jirgi ta sa hannu cewa ta karɓi wurinta. Takardun kayan da aka sayar suna bin kayansu zuwa ga masu saye, kwafinsu kuma da jerin abin da aka lalata da rasit ɗin sharar guba suna zama a hannun wanda ya yi aikin, saboda ana iya zuwa bincike a kan lambar wani famfo ko birki bayan shekaru.